Ala Gertner: ma'aikaciyar masana'antar makamai da ƴan Nazi suka rataya a Auschwitz

Kowace shekara, ranar 27 ga watan Janairu, ƙasashen duniya na tunawa da kisan ƙare dangin da gwamnatin Jamus ta ƴan Nazi ta yi ma Yahudawan Turai lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsaida wannan rana cikin watan Nuwamba na shekara ta 2005, kuma ta zaɓe ta ne saboda a rana irin ta, a shekara ta 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet suka shiga sansanin gwale-gwale na Auschwitz da ke kudancin ƙasar Polan.

In an tashi wannan magana, lissafi ake fara kawowa: Yahudawa miliyan 6 aka hallaka, kuma a Auschwitz kaɗai an kashe mutum kimanin miliyan 1 da dubu 100, mafi yawansu Yahudawa. Lissafi irin wannan kunne na jin shi ya wuce. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗauko mutum guda daga cikin taron, mu kawo ma mai karatu sunanta, garinsu, aikin da aka sa ta, da yadda ta ƙare. Sunanta Ala Gertner.

Ƴar garin Bedzin

An haifi Ala Gertner ranar 12 ga watan Maris na shekara ta 1912 a Bedzin, wani gari na yankin ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe a kudancin Polan. Kafin yaƙi kusan rabin mutanen garin Yahudawa ne, akwai ƴan kasuwa, teloli, masu sana'ar hannu da ma'aikatan masana'antu. Gidansu Ala masu rufin asiri ne, ta yi karatu, kuma ta iya Jamusanci sosai. Wannan harshe shi ya riƙa buɗe mata ƙofar ofis a duk inda aka kai ta, ya raba ta da aikin ƙarfi, sa'annan daga ƙarshe ya kai ta wurin da ta yi abin da ya sa ake tunawa da ita.

Jamus ta faɗa ma Polan ranar 1 ga watan Satumba na 1939. Kwana uku bayan haka sojojinta suka shiga Bedzin, ba a kuma yi sati guda ba suka cinna ma babban wurin ibadar Yahudawan garin wuta, tare da gidajen da ke kewaye da shi, mutane da dama suka mutu a ciki. Aka haɗe yankin da ƙasar Jamus, aka ƙwace kantuna da masana'antun Yahudawa, aka tilasta masu ɗaura alama a jiki. Haka kuma aka kafa wata majalisar Yahudawa a ƙarƙashin wani mai suna Moshe Merin, wadda aikinta shi ne zartar da umurnin Jamusawa, har da tattara sunayen waɗanda za a tura aikin tilas.

Alkawarin da aka ɗauka a tashar jirgi

Cikin watan Oktoba na 1940, shugaban rundunar SS, Heinrich Himmler, ya ɗora ma wani jami'i mai suna Albrecht Schmelt nauyin sarrafa ƙwadagon Yahudawan wannan yanki. Hukumar Schmelt ta zama kamar dillalin mutane: tana kwasar matasa, tana ba kamfanoni hayarsu, kuɗin na shiga aljihun SS. A lokacin da abin ya kai ganiyarsa, tana riƙe da Yahudawa kimanin dubu 50 a sansanoni fiye da 150.

Ranar 28 ga watan Oktoba na 1940 aka umurci Ala ta je tashar jirgin ƙasa ta Sosnowiec, garin da ke maƙwabtaka da Bedzin. Tana da shekara 28. A cikin taron akwai wata yarinya ƴar shekara 16, Sala Garncarz, autar wani gidan talakawa mai ƴaƴa 11. Takardar kiran ba tata ba ce, ta yayarta Raizel ce, amma da yake Raizel ba mai ƙarfin jiki ba ce, sai Sala ta ce ita za ta tafi a madadinta. An gaya masu aikin na sati 6 ne. Uwar Sala na kuka ta ƙi sakin ƴarta, sai Ala, wadda ba ta san su ko daga ina ba, ta matso ta ce ma uwar ta kwantar da hankalinta, ita za ta kula da yarinyar.

Jirgin ya kai su sansanin Geppersdorf, inda ake sa mazaje aikin shimfiɗa babbar hanyar mota, mata kuma suna girki da wanki da ɗinki. Aka sa Sala ɗinki, Ala kuma aka kai ta ofishin sansanin saboda Jamusancinta. Ta riƙe alkawarin da ta ɗauka: ta jawo yarinyar kusa da ita, tana kare ta, tana koya mata yadda ake zama da mutanen da ranka ke hannunsu. A wannan ofis ne kuma ta haɗu da wani fursuna, Bernhard Holtz, wanda daga baya ya zama mijinta.

A shekara ta 1941 aka sallami Ala ta koma gida. Sala kuwa sati 6 ɗin nan nata sai da ya zama shekara kusan 5, a sansanoni 7. A lokacin hukumar Schmelt na barin fursunoni su karɓi wasiƙa, muddin an rubuta ta da Jamusanci kuma mai tace wasiƙu ya buga mata hatimi. Ta wannan hanya Ala ta ci gaba da rubuto ma Sala, tana kiranta Sarenka, wato ƴar barewa da harshen Polan, tana ƙarfafa mata zuciya.

Aure a cikin unguwar da aka killace

Da ta dawo, Ala ta yi aiki a ma'aikatu da ofisoshin da ke ƙarƙashin majalisar Merin. A wannan zamani takardar shaidar aiki ita ce rai. Merin da mutanensa sun ɗauka cewa muddin Yahudawa na ɗinka ma sojan Jamus kaya, ba za a taɓa su ba. Wannan zato bai daɗe ba. Ranar 12 ga watan Agusta na 1942 aka tara Yahudawan Bedzin da Sosnowiec a filayen ƙwallo da sunan za a duba takardu, aka ware tsofaffi, yara da marasa aiki, aka tura dubbai zuwa Auschwitz, wanda bai kai nisan kilomita 50 daga garin ba. Uwa da uban Sala na cikinsu.

Waɗanda suka rage aka cusa su cikin unguwanni biyu da aka killace, Srodula da Kamionka. A Srodula ne Ala da Bernhard Holtz suka ɗaura aure ranar 22 ga watan Mayu na 1943. Wata guda bayan haka Merin da kansa aka kai shi Auschwitz. Wasiƙar ƙarshe da Ala ta aika ma Sala tana ɗauke da kwanan wata 15 ga Yuli na 1943. Daga ranar 1 ga watan Agusta Jamusawa suka fara kwashe unguwannin biyu ƙaƙaf. Daga nan, sai a Auschwitz aka sake jin ɗuriyar Ala.

Masana'anta a bakin gidan mutuwa

Ya kamata mai karatu ya san cewa Auschwitz wuri ne mai fuska biyu. A ɓangaren Birkenau akwai ɗakunan da ake kashe mutane da iskar guba da gidajen ƙona gawa. A kewaye kuma akwai masana'antun manyan kamfanonin Jamus da ke cin moriyar fursunoni. Duk jirgin da ya iso, likitocin SS na tsaye suna rarraba mutane: mafi yawa a wuce da su ɗakin guba a ranar, masu sauran ƙarfi a yi masu aski, a zana masu lamba a hannu, a tura su aiki. Kamfanin IG Farben, alal misali, yana biyan SS maki 4 a yini kan fursuna mai sana'a, maki 3 kan marar sana'a. Shi fursunan ba ya ganin ko sisi, in ya gaza kuma a musanya shi da wani.

Da farko an sa Ala a rumbunan da ake tantance kayan waɗanda aka kashe: tufafi, takalma, akwatuna. A wannan aiki ta san Roza Robota, wata matashiya daga garin Ciechanow da aka haifa a 1921, wadda ke cikin ƙungiyar asiri ta fursunoni kuma take aiki a rumbun tufafi kusa da gidajen ƙona gawa. Daga baya aka maida Ala masana'antar Union. Ginin an yi shi ne don kamfanin Krupp, amma cikin watan Oktoba na 1943 kamfanin Weichsel-Union ya karɓe shi, yana ƙera kawunan harsashin igwa, wato ɗan abin da ke sa harsashin ya tashi. Fursunoni fiye da dubu ne ke aiki a ciki, akasarinsu mata Yahudawa, kashi biyu, na rana da na dare, kowane kashi awa 12.

A cikin masana'antar akwai wani ɗan ɗaki da ake tsaro fiye da ko'ina, ɗakin albarushi, inda ƴan mata ƙalilan ke ɗura garin albarushi cikin kawunan harsashi. Mai kula da su ita ce Regina Safirsztajn, ita ma ƴar Bedzin ce, an haife ta a 1915. A cikin ma'aikatan ɗakin akwai Estera Wajcblum ƴar birnin Warso, wadda aka kawo tare da ƙanwarta Hanka bayan an kashe iyayensu a sansanin Majdanek.

Da yayyafi kogi kan cika

A Birkenau akwai wata ƙungiyar fursunoni da Jamusawa ke kira Sonderkommando. Su ake tilasta ma fitar da gawawwaki daga ɗakin guba su ƙona. Sun san cewa wanda ya ga abin da suka gani ba za a bar shi da rai ba, don haka suka shirya tawaye. Abin da ba su da shi shi ne makami. Roza Robota ce aka ɗora ma nauyin samo albarushi, ita kuma ta nemi Ala da sauran matan Union.

Ala na da damar zirga-zirga fiye da sauran, ta kuma san wa za a amince ma. Ta shiga jawo ƴan matan da hannunsu ke kai ga albarushin. Abin da ake iya fitarwa a yini bai wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya zuwa uku ba, domin ana auna garin, ana kuma caje ma'aikata a bakin ƙofa. Sukan ƙulle shi cikin ɗan tsumma ko takarda, su ɓoye a ƙirji, ko a ƙullin kallabi, ko a kwanon abinci mai gindi biyu. In suka hango ana caje a gaban layi, sai su kwance ƙullin su zubar a ƙasa, su murje da ƙafa. Daga hannu zuwa hannu garin ke bi har ya kai ga Roza, ita kuma ta miƙa ma mutanen Sonderkommando, waɗanda suka riƙa haɗa ƴan gurneti da gwangwani. An yi watanni ana haka. Cikin mazan da suka taimaka akwai Israel Gutman, wanda ya tsira, ya ba da shaida a shari'ar Adolf Eichmann a 1961, ya kuma zama babban masanin tarihin wannan kisa.

Tsakanin watan Mayu da Yuli na 1944 aka kwaso Yahudawa kimanin dubu 437 daga ƙasar Hungari, kusan duka zuwa Auschwitz. Da wannan aiki ya ƙare, SS ta fara rage ƴan Sonderkommando. Cikin watan Satumba aka kashe 200. Ranar 7 ga watan Oktoba aka zo ɗaukar wasu 300. Tura ta kai bango. Fursunonin gidan ƙona gawa na 4 suka far ma masu gadi da guduma, gatari da duwatsu, suka cinna ma ginin wuta. Na gida na 2 suka yanke waya suka gudu, amma aka cim masu a ƙauyen Rajsko, aka ƙone rumbun da suka fake a ciki. An kashe sojan SS 3. Daga ɓangaren fursunoni kuwa kimanin 450 suka mutu, wasu a cikin faɗan, wasu aka harbe su daga baya. Gidan ƙona gawa na 4 bai sake aiki ba.

Bincike da rataya

Da ƙura ta lafa, masu binciken SS suka gano cewa albarushin da aka yi amfani da shi na Union ne. Waɗanda suka tsira sun ba da shaida cewa an sa wani fursuna ɗan rahoto ya shige ma Ala da sunan abota don ya ji bakinta. Aka kama Ala, Regina da Estera, daga baya aka haɗa da Roza, aka kai su kurkukun ƙarƙashin ƙasa na gini mai lamba 11, wanda fursunoni ke kira ginin mutuwa. An yi satittika ana gana masu azaba.

A nan ne abin da ya fi muhimmanci a labarin ya faru. Matan da suka taɓa wannan albarushi sun fi huɗu nesa ba kusa ba, ga kuma mazan ƙungiyar asiri. Da an samu sunayensu, da an rataye mutane da yawa. Bayan waɗannan huɗu ba a sake rataye kowa kan wannan magana ba. Wani ɗan ƙungiyar, Noah Zabludowicz, ya samu shiga wurin Roza da dare da taimakon fursunan da ke kula da kurkukun. Ya tarar duka ya canza mata kamanni, amma ta shaida mashi cewa sunan da ta ba su na mutumin da ya riga ya mutu ne, sauran su ci gaba da aikinsu. Estera kuma ta aiko da saƙo ga wata ƙawarta, Marta, tana roƙon ta riƙe mata Hanka.

Cikin satin farko na watan Janairu na 1945 aka kafa gungumen rataya a sansanin mata. Aka tara ma'aikatan Union su kalla: biyu aka rataye a gaban kashi ɗaya, biyu a gaban ɗayan, don kada wata ma'aikaciya ta ce ba ta gani ba. Jami'in SS Franz Hössler ne ya karanta hukuncin. Ala na da shekara 32, Roza 23. Wannan ita ce rataya ta ƙarshe da aka yi a bainar jama'a a Auschwitz. Sati biyu ba su cika ba SS ta fara kora fursunoni kusan dubu 60 a ƙasa, cikin ƙanƙara, zuwa yamma. Ranar 27 ga wata sojojin Sobiyet suka iso, suka tarar da mutum kimanin dubu 7, yawancinsu marasa lafiya. Tsakanin ratayar da isowarsu sati uku ne kacal. Shi kuwa Hössler, kotun sojan Ingila ta yanke mashi hukuncin kisa kan laifukan da ya aikata a sansanoni, aka rataye shi ranar 13 ga watan Disamba na 1945.

Yadda sunanta ya tsira

Ala ba ta da kabari, kuma babu wani danginta da ya fito bayan yaƙi. Mutum biyu ne suka hana sunanta ɓacewa.

Ta farko ita ce Hanka, wadda ke da shekara 16 lokacin da aka rataye yayarta. Marta ta riƙe amanar, ta ja ta har suka tsira daga tafiyar ƙanƙara. Hanka ta zauna a ƙasar Kanada da sunan Anna Heilman, ta yi ta fafutika har aka kafa abin tunawa da matan huɗu a cibiyar Yad Vashem ta Birnin Kudus a 1991. Ta wallafa tarihin rayuwarta a 2001, ta rasu a 2011.

Ta biyu ita ce Sala. An ƴantar da ita a sansanin Schatzlar cikin watan Mayu na 1945. A duk tsawon shekarun nan tana ɓoye da wasiƙun da aka aiko mata, wani lokaci a cikin tufafi, wani lokaci a binne cikin ƙasa, alhali ta san in an kama ta da su hukuncin mai tsanani ne. Ta auri wani sojan Amurka, Sidney Kirschner, ta koma birnin Niyok, ta haifi ƴaƴa, ta kuma rufe bakinta kan wannan zamani har kusan shekara 50. Sai a 1991, da za a yi mata aikin zuciya, ta ɗauko wani kwali ta miƙa ma ƴarta Ann. A ciki akwai wasiƙu, katuna da hotuna fiye da 300, kuma 28 daga cikin wasiƙun da hannun Ala aka rubuta su. Iyalin sun ba babban ɗakin karatu na birnin Niyok waɗannan takardu, aka baje kolinsu a 2006, shekarar da Ann Kirschner ta fitar da littafinta Sala's Gift, wato Kyautar Sala. Sala ta rasu a 2018 tana da shekara 94.

Abin da muka tsinta a labarin

Albarushin da Ala da ƙawayenta suka fitar bai tsaida kisan ba. An ci gaba da amfani da ɗakunan guba har zuwa farkon watan Nuwamba na 1944. Amma labarin ya nuna mana abubuwa uku da ya kamata mu riƙe.

Na farko, kisan ƙare dangi ba ya faɗowa rana ɗaya. A Bedzin an fara da ƙona wurin ibada da ƙwace dukiya, aka bi da alama a jiki da takardar aiki, sa'annan unguwar da aka killace, sa'annan jirgi. Daga shigar sojan Jamus garin zuwa kwashe mutanen ƙarshe shekara 4 ce, kuma a kowane mataki akwai masu cewa daga wannan an gama.

Na biyu, masu bindiga ba su kaɗai suka yi aikin ba. Akwai masu kamfani da suka ga arhar ma'aikacin da ba a biya, akwai injiniyoyi da akantoci da ke zuwa ofis da safe su koma gida da yamma, hayaƙin Birkenau na tashi a gabansu.

Na uku, wanda aka ƙwace ma komai yana iya riƙe amana. Ala ta ɗauki alkawari ga wata uwa da ba ta sani ba, ta cika. Matan huɗu sun riƙe sunayen ƴan uwansu cikin azaba. Marta ta riƙe Hanka. Sala ta riƙe takardu 28 na matar da ta riƙe ta. Ta wannan sarƙa ne sunan Ala Gertner, ƴar Bedzin, ma'aikaciyar Union, ya iso gare mu, mu ma muka miƙa shi ga mai karatu.